Tsaunukan da Aka Sare wa Kai

A shekarar 2016 wasu masu bincike na Jami'ar Duke da ke Amurka suka ɗauko tsofaffin taswirorin kudancin jihar Virginia ta Yamma, suka jera su da sababbin awon da aka yi daga sama, don su ga yadda haƙar kwal ta sauya fuskar ƙasar. Abin da suka tarar shi ne tudu da gangaren wuraren da aka yi haƙar sun ragu da kusan kashi 40 cikin ɗari. Tsaunukan Apalashiya, inda wannan wuri yake, na cikin mafiya tsufa a duniya, sun shafe miliyoyin shekaru ruwa da iska na lallashe su sannu a hankali. Cikin shekara arba'in ɗan Adam ya baje wani yanki nasu da nakiya da katafila.

Kwal ɗin wannan yanki, wanda ya haɗa Virginia ta Yamma da gabashin Kentucky da wani sashe na Virginia da Tennessee, a kwance yake cikin tsauni, shimfiɗa a kan shimfiɗa, wasu shimfiɗun ma sirara ne ƙwarai. Da can rami ake yi a gefen tsaunin, mutane su shiga su fito da shi. Sabuwar hanyar, wadda ta fara a shekarun 1970 ta kuma bunƙasa a shekarun 1990, ba ruwanta da shiga rami. Da farko a sare dajin kaf, sau da yawa ma a tara itacen a cinna masa wuta. Sai a huda dutsen, a ɗura wani haɗin takin zamani da man dizal, a tayar. Haka za a yi ta yi har a cire mita ɗari ko fiye daga kan tsaunin. Wani ƙaton injin kwasa, wanda tsayinsa ya kai bene mai hawa ashirin, shi ke yashe ɓaraguzan har kwal ya bayyana, a kwashe, a sake sa nakiya don a kai ga shimfiɗa ta gaba.

Matsalar da ta haifar da dukkan shari'o'in da za su biyo baya a nan take. Duk wanda ya taɓa ganin ana haƙa rijiya ya san ƙasar da ta fito takan fi ƙarfin ramin. Dutsen da aka farfasa ba ya komawa inda ya fito gaba ɗaya, dole a samar wa ragowar wuri, kuma wurin da ya fi kusa, ya fi arha, shi ne kwarin da ke gefen tsaunin. A cikin kowane kwari kuwa akwai ƙorama. Sai a yi ta juye ɓaraguzai har kwarin ya cika, ƙoramar ta shige ƙarƙashin tulin duwatsu da zurfinsa a wasu wurare ya kai mita 200. Hukumar Kare Muhalli ta Amurka ta ƙiyasta cewa daga 1985 zuwa 2001 kaɗai an binne ƙoramu masu tsawon mil 724, wato fiye da kilomita 1,100. Daga baya alƙaluman hukumar suka kai kusan mil 2,000. Ƙungiyar Appalachian Voices ta lissafa tsaunuka fiye da 500 da aka taɓa. Wani binciken da aka yi da hotunan tauraron ɗan Adam, aka wallafa a 2018, ya ce faɗin ƙasar da haƙar sarari ta ci a yankin ya kai murabba'in kilomita 5,900.

Abin mamaki, dokar tsaftace iska na cikin abubuwan da suka hura wutar wannan aiki. Gyaran da aka yi wa dokar a 1990 ya tilasta wa tashoshin lantarki rage hayaƙin farar wuta da ke jawo ruwan sama mai guba, kwal ɗin tsakiyar Apalashiya kuwa farar wutarsa kaɗan ce, sai kasuwarsa ta buɗe. Gudun gara aka yi, aka faɗa gidan zago: birane suka sami iska mai sauƙi, ƙauyukan tsauni suka biya kuɗin. Ga kamfani kuma akwai wata riba. Injin kwasa ba ya shiga ƙungiyar ƙwadago, ba ya yajin aiki, mutum kaɗan ne ke isa su fitar da abin da a da sai ɗaruruwa. A wajajen 1950 masu haƙar kwal a Virginia ta Yamma sun haura dubu ɗari. A 'yan shekarun nan ba su kai dubu ashirin ba.

Ɓarnar da ido ke gani ita ce daji. Dazuzzukan wannan yanki suna cikin waɗanda suka fi yawan nau'in itatuwa da halittu a duk ƙasashen da ke da sanyi, kuma ƙasar da aka danne da manyan motoci bayan haƙa ba ta karɓar itace. Abin da aka saba shukawa shi ne ciyawa mai saurin fita don wurin ya yi kore a hoto. Amma ɓarnar da ta fi daɗewa a cikin ruwa take, ba a ganinta. Dutsen da ya yi miliyoyin shekaru a rufe, da zarar an farfasa shi ruwan sama ya ratsa, sai ya riƙa sakin gishirin ma'adinai da wani sinadari da ake kira saleniyam. Ruwan da ke fitowa daga gindin kwarin da aka cike kan fito garau, sai an auna ake gane ya canja. Ƙananan ƙwarin da ke ƙyanƙyashewa a ƙorama, waɗanda kifi da tsuntsu ke rayuwa a kansu, su ne ke fara ɓacewa. Saleniyam kuma taruwa yake a jikin kifi. A kogin Mud, ƙasa da babbar mahaƙar Hobet, an sami 'ya'yan kifi da ƙashin bayansu ya karkace. A watan Janairun 2010 masana goma sha biyu, a ƙarƙashin jagorancin Margaret Palmer, suka wallafa nazari a mujallar Science inda suka ce illar ta game ko'ina, ba ta kuma gyaruwa, aikin farfaɗo da ƙasa da ake yi bai maye gurbin abin da aka rasa ba, don haka a daina ba da izini. Ba kasafai masana kimiyya ke fitowa ƙarara haka ba.

Akwai kuma dagwalon wanke kwal. Kafin a sayar da kwal sai an wanke shi, baƙin ruwan da ya rage kuma a tare shi a bayan madatsar da aka gina da sharar mahaƙa, sau da yawa a saman kwari, mutane na zaune a ƙasa. Mutanen yankin sun san abin da hakan ke nufi tun ranar 26 ga Fabrairun 1972, da madatsar kamfanin Pittston ta ɓalle a Buffalo Creek da ke Virginia ta Yamma ta kashe mutum 125, ta raba kimanin 4,000 da gidajensu. Kamfanin ya ce wai ikon Allah ne. A Oktoban 2000 gindin wata madatsar ya ɓurma a gundumar Martin ta Kentucky, dagwalo fiye da galan miliyan 300 ya malala cikin koguna. Shi ya sa iyayen yaran makarantar firamare ta Marsh Fork a Virginia ta Yamma, wadda ke ƙarƙashin madatsa mai ɗaukar galan biliyan 2.8, suka yi shekaru suna fafutuka har aka gina musu wata a wani wuri, aka buɗe ta a 2013. A 2004 kuma, a jihar Virginia, katafila da ke gyara hanyar mahaƙa cikin dare ta ture wani dutse ya gangaro ya fasa bangon gida, ya kashe yaro ɗan shekara uku yana barci.

Batun lafiyar jama'a ya fi wuyar yankewa, kuma a nan ne ya kamata a yi taka-tsantsan. Michael Hendryx, wanda a lokacin yake Jami'ar Virginia ta Yamma, shi da abokan aikinsa sun fitar da jerin bincike da ke nuna cewa a gundumomin da ake wannan haƙa an fi samun kansar huhu da ciwon zuciya da na ƙoda, da jariran da ake haifa da nakasa, ko bayan an cire tasirin talauci da shan taba daga lissafi. Kamfanoni suka ce haɗuwar abu biyu a wuri ɗaya ba ta tabbatar da cewa ɗaya ne ya jawo ɗayan ba, kuma a ƙa'idar bincike wannan magana tana da tushe. Hanyar raba gardama ita ce a sa masana masu zaman kansu su duba dukkan hujjojin. An kuwa fara hakan: jami'an jihar da kansu suka nema, gwamnatin tarayya ta ware dala miliyan ɗaya, Cibiyar Kimiyya ta Ƙasa ta kafa kwamiti. A watan Agustan 2017 Ma'aikatar Cikin Gida ta umarci a dakatar da aikin, da sunan bitar kashe kuɗi, ba a kuma ci gaba ba. Wanda ya yarda da gaskiyarsa ba ya hana a yi awo.

To ina doka take duk wannan lokaci? Tana nan, har ma da yawa. Tun kafin gwamnatin tarayya ta sa baki, mutanen Kentucky suna fama da wata tsohuwar takardar ciniki da kakanninsu suka sa wa hannu, inda suka sayar da abin da ke ƙarƙashin ƙasa suka riƙe samanta. Kakannin rami suka sani. Kotuna kuwa suka fassara takardar da cewa ta ba kamfani damar yaye gonar ma baki ɗaya. Sai a 1988 jama'ar jihar suka kaɗa ƙuri'a, fiye da kashi 80 cikin ɗari, aka gyara tsarin mulkin jihar aka rufe wannan ƙofa. Babbar dokar tarayya ita ce ta 1977 da Shugaba Jimmy Carter ya sa wa hannu, wadda ta ce duk wanda ya haƙa ya mayar da ƙasa kusan yadda ya same ta, ya kuma ajiye kuɗin jingina kafin ya fara. Sai dai dokar ta bar taga: idan kamfani ya ce za a yi amfani da filin da ya baje don masana'anta ko gidaje ko noma, an yafe masa mayar da tsaunin. Ta wannan taga aka shigo da raƙumi da kayansa. An dai gina wani gidan yari na tarayya da filin wasan golf da 'yan ƙananan filayen jirgin sama a kan irin waɗannan wurare, amma wani bincike da ƙungiyoyin kare muhalli suka yi a kan wurare fiye da 400 ya nuna kusan tara cikin goma ba a yi komai da su ba in ban da ciyawa da 'yan itatuwa.

Akwai kuma ƙa'idar 1983 da ta hana taɓa ƙasa cikin tazarar ƙafa 100 daga ƙorama sai in an tabbatar ba za a cutar da ita ba, ga dokar tsaftar ruwa ta 1972 da ta hana zuba shara cikin ruwa. Mai karatu zai ce to ai magana ta ƙare, binne ƙorama ya fi ƙarfin kusantar ta. Haka ma alƙali Charles Haden ya gani. Wasu mazauna yankin da wata ƙungiya suka kai ƙara gabansa, ya shiga jirgi ya zagaya ya ga mahaƙun da idonsa, a Oktoban 1999 ya yanke hukunci cewa cike kwari mai ƙorama ya saɓa wa ƙa'ida. Haden ba ɗan gwagwarmayar muhalli ba ne, shugaba ɗan jam'iyyar Republican ne ya naɗa shi. Jihar Virginia ta Yamma, inda aka yi shari'ar, ta ɗauki zafi, Sanata Robert Byrd ya yi ƙoƙarin soke hukuncin ta majalisa bai samu ba, amma a 2001 kotun ɗaukaka ƙara ta rushe shi, ba don ta ce Haden ya yi kuskure a kan ƙoramu ba, sai don a ganinta kotun jiha ce ke da hurumin sauraron ƙarar.

A 2002 gwamnatin George W. Bush ta bi wata hanya mai sauƙi. Dokar ruwa ta bambanta shara, wadda aka tsaurara wa, da kayan cike wuri don gini, waɗanda rundunar injiniyoyin soja ke ba da izininsu. Sai aka sake rubuta ƙa'idar, ɓaraguzan mahaƙa suka koma cikin kayan cike wuri. Haden ya sake yanke hukunci cewa hakan haramun ne, kotun sama ta sake rushewa a 2003. Wani alƙalin, Robert Chambers, ya soke wasu takardun izini a 2007, aka rushe nasa a 2009. A watan ƙarshe na 2008 gwamnatin Bush ta sassauta ƙa'idar ƙafa 100, kotu ta soke sassaucin a 2014, gwamnatin Obama ta yi shekaru tana rubuta sabuwar ƙa'idar kare ƙoramu ta fitar da ita a Disambar 2016, majalisa ta kashe ta, Shugaba Trump ya sa hannu ranar 16 ga Fabrairun 2017. Wata biyu ke nan a duniya. Dokar da aka yi amfani da ita wajen kashe ta ma ta hana a sake kawo makamanciyarta sai da yardar majalisa.

A ganina wannan shi ne zuciyar al'amarin. Ƙa'ida ana iya rubuta ta yau a goge gobe, hukuncin kotu ana iya ɗaukaka ƙara a kansa, gwamnati na zuwa ta tafi duk bayan shekara huɗu ko takwas. Kwarin da aka cike ba ya jiran ɗaukaka ƙara. Kamfani shekarun da ƙofa take a buɗe kawai yake bukata. Mai kare ƙorama kuwa sai ya yi nasara a kowace gwamnati da kowace kotu, ranar da ya faɗi sau ɗaya an gama. Dokar da aka tsara bisa tunanin a lalata sannan a gyara ba ta dace da ɓarnar da ba ta da gyara ba.

Nasara mafi girma da hukuma ta samu ita ce ta mahaƙar Spruce mai lamba 1 a gundumar Logan ta Virginia ta Yamma, ɗaya daga cikin mafiya girma da aka taɓa nema wa izini a jihar, wadda za ta binne fiye da mil shida na ƙoramu. Injiniyoyin soja sun ba da izini a 2007, Hukumar Kare Muhalli ta hau kujerar na-ƙi a Janairun 2011, wata alƙaliya ta soke matakin a 2012, kotun ɗaukaka ƙara ta dawo da shi a 2013, Kotun Ƙoli ta ƙi sauraron ƙarar kamfanin. Shekaru da tulin kuɗin lauyoyi a kan mahaƙa ɗaya tak.

Mutum ba zai fahimci jan ƙafar hukumomin jihar ba sai ya san nauyin kamfanonin kwal a siyasarta. A 2004 shugaban kamfanin Massey, Don Blankenship, ya kashe kusan dala miliyan 3 wajen taimakon wani ɗan takarar alƙalin babbar kotun jiha, alƙalin ya ci zaɓe, ya kuma zauna a shari'ar da ta yafe wa Massey diyyar dala miliyan 50. Sai da Kotun Ƙolin Amurka ta ce a 2009 ya kamata ya janye kansa. Waɗanda suka tsaya a ɗaya gefen kuma ba baƙi ba ne daga birni, 'ya'yan masu haƙar kwal ne. Judy Bonds, wadda ta sami lambar yabo ta Goldman a 2003, a gidan abinci take aiki kafin ta shiga fafutuka. Maria Gunnoe, da ta sami lambar a 2009, ambaliya ce ta ci gonar gidansu bayan an cike kwarin da ke samanta. Larry Gibson ya ƙi sayar da eka 50 na danginsa a tsaunin Kayford, har ya rasu a 2012 mahaƙa na kewaye da shi.

Sai dai adalci ne a faɗi hujjar maƙwabtansu da suka tsane su. A gundumar da babu wata masana'anta, albashin mahaƙa shi ne ke riƙe gida da shago da coci, harajin kwal ne ke biyan malaman makaranta. Aikin sarari kuma ya fi na rami aminci ga rai. A Afrilun 2010 fashewar iskar gas a ramin Upper Big Branch ta kashe mutum 29 lokaci guda. Direban tifa da aka ce masa ya zaɓi tsakanin ƙwarin ƙorama da abincin 'ya'yansa, an san abin da zai zaɓa, kuma 'yan siyasa sun iya amfani da wannan tsoro da taken cewa Washington ta ƙaddamar da yaƙi a kan kwal. Abin da taken ya ɓoye shi ne injuna sun cinye guraben aiki tun kafin a rubuta waɗannan ƙa'idoji, kuma gundumomin da suka fi fitar da kwal har yau suna cikin mafiya talauci a Amurka.

Abin da alƙalai da 'yan fafutuka suka kasa, farashi ne ya yi shi. Daga wajajen 2008 sabuwar fasahar fasa duwatsun ƙarƙashin ƙasa ta sa iskar gas ta yi arha, tashoshin lantarki suka yi ta komawa kanta. Kwal da ke samar da kusan rabin lantarkin Amurka a 2005 ya faɗo ƙasa da kashi 20 cikin ɗari a 2023. Hukumar alƙaluman makamashi ta ƙasar ta ce kwal ɗin da ake samu ta hanyar sare kan tsauni ya ragu da kashi 62 cikin ɗari tsakanin 2008 da 2014. Kwal mai sauƙin samu ma ya ƙare: binciken nan na 2018 ya nuna cewa a 2015 sai an yaye ƙasa ninki uku na wadda ake yayewa a shekarun 1980 kafin a sami tan ɗaya. Aikin bai tsaya cak ba, har yanzu ana ba da izini, musamman don kwal ɗin narka ƙarfe da ake fitarwa ƙasashen waje, amma zamanin bunƙasarsa ya wuce.

Faɗuwar kasuwar ta zo da nata sharrin. Kamfanin Patriot ya karye a 2012 ya sake karyewa a 2015, Alpha, wanda ya sayi Massey, ya bi shi a 2015, Arch a farkon 2016. Kuɗin jinginar da dokar 1977 ta tanada don gyaran ƙasa ya zama bai isa ba, wasu manyan kamfanonin ma an bar su sun tsaya wa kansu da kansu, ba su ajiye komai a hannun kowa ba. Mahaƙu suka riƙa sauya hannu daga babban kamfani zuwa ƙarami, daga ƙarami zuwa wanda ya fi shi rauni, har aka kai ga irin Blackjewel, wanda ya durƙushe a 2019 cakin albashin ma'aikatansa ya dawo babu kuɗi, su kuma suka zauna a kan layin dogo a gundumar Harlan suka hana jirgin kwal wucewa na kusan wata biyu. Wanda ya san kududdufan da kamfanonin kuza suka bari a Jos da Bukuru ya san yadda irin wannan labari ke ƙarewa idan mai haƙa ya tafi.

Ana ƙoƙarin gyara. Tun 2004 akwai shirin da ke koya wa kamfanoni barin ƙasa a sassauce don itace ya kama, an kuma dasa miliyoyin itatuwa a tsofaffin mahaƙu. Dokar gine-ginen more rayuwa ta 2021 ta ware dala biliyan 11.3 don gyaran mahaƙun kwal da aka yi watsi da su, sai dai kuɗin na waɗanda aka bari kafin 1977 ne, kusan dukkan tsaunukan da aka sare wa kai kuwa bayan wannan shekara aka sare su. Ruwan da ke tsatsowa daga gindin kwarurrukan da aka cike zai ci gaba da ɗauke da gishiri da saleniyam shekaru da dama, tace shi na cin kuɗi kowace shekara, kuma a wurare da yawa kamfanin da sunansa ke kan takardar izini ya riga ya rushe, nauyin ya koma kan asusun jihohin da kuɗinsa bai kai ba.